Fitilu Uku da Aka Juya wa Fuska

Ranar Litinin, gari bai gama wayewa ba, jirgin farko ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa, sai ya yi wata irin ƙara ya sake cillawa sama da mutum saba'in a cikinsa. Ya yi ta zagaye har rana ta fito sannan ya sauka. Matuƙin ya fito yana kumfar baki. Ya ce shekara ashirin yana tuƙi, bai taɓa ganin filin da ya tarbe shi da jar fitila a bakin titi ba.

Aka ruga aka duba. A bakin babban titin da jirgi ke sauka akwai fitilu takwas, huɗu dama, huɗu hagu, kowace da fuska biyu, kore da ja. Na dama lafiya lau. Na hagu kuwa, ɗaya ta ɓace ɗungurungum, uku an juya musu fuska. Ɗan ɗakin da ake ajiye kayan gyara an buɗe shi an rufe, kwaɗon ko ƙwarzane babu.

Kafin ƙarfe tara kowa ya zama alƙali. Masu ɗaukar kaya suka ce ai dama. Mai shayin bakin ƙofa ya ce shi tun tuni bai yarda da shirun yaron nan ba. Yaron da suke nufi mutum ne mai shekara talatin da takwas da 'ya'ya uku, shi ne mai fitilar filin. A gaban fasinjoji aka riƙe masa ƙugun wando aka ja shi ofishin tsaro, aka manna takarda mai sunansa a allon sanarwa.

Uwarsa ta iso da hantsi, tana jan ƙafar da ta kumbura. Shekara ashirin da biyu ta yi tana share zauren fasinjoji kafin gwiwa ta zaunar da ita, kuma tun a lokacin ake kiranta Inna Barkono. Ba don tana sayar da shi ba.

Mai gadin babbar ƙofa sabo ne, bai san ta ba. Ya ɗaga mata wani faifan ƙarfe mai mariƙi, gefe ɗaya ja, gefe ɗaya kore, ya juyo mata da jan.

"Kawar min da murfin tukunyar nan daga fuska," in ji ta.

"Inna, dokar shugabanmu ce. Ja waje, kore ciki. Da ita muke buɗe fareti kullum safiya. Sai an yi waya an ce ki shiga zan juya miki."

"To ka ci gaba da riƙo, kar hannunka ya gaji."

Ta bi ta ƙarƙashin hammatarsa ta wuce.

Ta iske ɗan nata, Auta, zaune a kan benci, an cire masa takalma. Shugaban tsaro na tsaye a kansa, ƙaton mutum mai tumbi, da sanda mai gindin tagulla wadda ba ya rabuwa da ita. Wata bakwai ke nan da kawo shi daga gadin wata masana'anta.

"Ke ce uwar ɓarawon?"

"Ni ce uwar da ta haifi mutum. Kai fa, wa ya haife ka?"

Ya buga sandar a ƙasa. Ya ce magana a fili take. Ɗanta ne mai makullin ɗakin kaya. Ya je jiya da yamma ya kwance fitilu huɗu zai sayar, ya ji motsi, ya mayar da uku cikin rawar jiki, ya gudu da ɗaya. Yau da asuba kuma da ya kamata ya zagaya duba fitilu, bai zo ba. Ranar Laraba za a zauna, daga nan sai hannun 'yan sanda. Laifin jefa jirgi cikin haɗari ba na tara ba ne, na shekaru ne.

Inna ta ji abin ya soke ta, don ta san inda Auta yake da asubar. A bayan kekensa ya ɗauke ta zuwa asibiti ya kama mata layi. Jiya da yamma kuma yana kan rufin ɗakinta yana toshe yoyo.

"Shaidar uwa ba shaida ba ce," in ji Shugaban tsaro. Ya fita yana ƙwala wa direbansa kira.

Ta zauna kusa da ɗan. "Kalle ni. Ka taɓa?"

"Inna, ko barci nake aka tashe ni, ba zan juya ja waje ba. Kore shi ne ke kallon jirgin da ke zuwa, yana ce masa ga bakin titi, sauko. Ja yana kallon ciki, yana gaya wa wanda ke gudu a kan titi cewa nan ne ƙarshe, daga nan sai ciyawa. Fararen da ke gefe-gefe su ne ke nuna faɗin titin. Shuɗayen nan da kike cewa sun fi kyau, na ƙananan hanyoyi ne da jirgi ke bi ya je wurin tsayawa. Shekara goma sha huɗu ina wanke musu ido da hannuna."

"Ban tambaye ka karatu ba. Ka ci abinci?"

Bai ci ba. Ta kwance bakin zane ta ba shi abin da ta zo da shi, ta tashi.

Manajan filin mutum ne mai son zaman lafiya da sanyin ofis. Inna ta hana shi duka biyun. Ta zauna a bakin ƙofarsa ta miƙe ƙafa, duk mai shiga sai ya tsallake ta, ita kuma tana gaya wa kowa yadda ta san Manaja tun yana ƙaramin akawu mai wando ɗaya. Da azahar ya fito.

"Inna, don Allah me kike so?"

"A bi sawu."

"Sawun me? Mutum talatin sun tattake wurin."

"Kai ba ka gani ba ne, ranka ya daɗe. Kana da mai gani a cikin ma'aikatanka, ka sa shi korar balbela."

Tana nufin wani tsohon maharbi da aka ɗauka yana korar tsuntsaye da karnuka daga titin jirgi. Manaja ya ce to, ya ba su zuwa Laraba, ya sa aka ba ta riga mai ɗorawa irin ta ma'aikatan fili, da sharaɗin in hasumiyar da ke ba jirage umarni ta ce a fita, a fita.

Maharbi bai yi murna da aikin ba. Siriri ne, ba ya son magana, ba ya kuma son rigima da manya.

"Yaya," ya ce mata, "ni ƙasa nake tambaya, ba mutane ba. In ta ce ɗanki ne, zan faɗa."

"In ta ce shi ne, ni zan riƙe musu shi. Mu je."

Ba su fara da fitilun ba. Shugaban tsaro ya ce ɓarawo ta ramin shinge ya fita da kayan, kuma mai sayen tsofaffin ƙarfuna na bayan filin shi ne abokin cin mushen. Da safiyar Talata suka je ramin. Maharbi ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Awaki uku, da kare mai ɗingishi. Mutum bai bi nan ba tun ruwan shekaranjiya da safe."

Duk da haka Inna ta ce sai ta ga mai ƙarfunan. Ta shiga rumfarsa ta fara ɗaga buhuna ba sallama.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Fitilar jirgi nake nema."

Mutumin ya kwashe da dariya. "Ni da me zan yi da ita? Gilashi ne da ɗan guntun goran ruwa. An taɓa kawo min ɗaya shekarun baya, na jona ta a wutar gida, ta yi fat ta ƙone. Wutarsu daban ce. Ko kyauta ba na karɓa."

A hanya Inna ta yi ta juya maganar. In ba ta sayuwa, wane wawan ɓarawo zai ɗauka? Kuma in akwai wanda ya san ba ta sayuwa a duk garin, ai Auta ne.

Zarginta ya koma kan mai tarakta, dogon nan mai yankan ciyawa, don sun taɓa yin cacar baki da Auta a kan wata shuɗiyar fitila da ya take. Ta same shi kwance ƙarƙashin taraktarsa, ta shure masa ƙafa.

"Fito, Dogo. Ina kake ranar Lahadi?"

Ya fito da baƙin mai har goshi. "Inna, kin ga tarakta ba taya ɗaya? Tun Alhamis take a kan dutse. Ni kuma in na take fitila faɗa nake yi, ba ɓoyewa ba. Ai don haka aka yi musu siririn wuya, abu na taɓa su sai su karye daga nan, don kar su yaga cikin jirgi. A kwance wuyan, a ɗaura sabo, shi ke nan. Ɗanki zai zage ni, in saya masa shayi, mu shirya."

Maharbi ya ɗago kai. "Sababbin wuyan, ina ake ajiye su?"

"A ɗan ɗakin can mai kwaɗo."

Bayan jirgin rana ya tashi, hasumiya ta ba su awa biyu. Manaja ya hana a taɓa fitilun hagu har a zauna, an dai rufe su da buhu. Inna ba ta taɓa tsayawa a bakin titin nan ba. Daga zaure ƙarami take ganinsa. Nan kuwa faɗinsa kaɗai ya ishi mutum tafiya, fitilun dama can nesa kamar kawunan kaji.

Maharbi bai kula da tattakin jiya ba. Ya wuce shi ya shiga ciyawa, yana tafiya a karkace, rana a gefensa. Can ya tsaya.

"Zo ki ga, Yaya. An share nan da reshe. Mai sharar bai iya shara ba."

"Namiji ne ke nan."

Gaba kaɗan, inda reshen bai kai ba, sawun taya ya fito a laka ɓaro-ɓaro. Ƙaramar mota ce, tayoyinta sababbi. Ya bi ta da baya har gefen kwalta, yana nuna mata da tsinke.

"Nan ta taso. Nan ta yi tsalle ta mutu. Nan aka sake tayar da ita. Kin ga yadda take tafiya kamar maciji? Nan ya so ya juya, maimakon birki ya taka mai. Ta kwashe fitilu huɗun a jere, ta faɗa ciyawa, tudun nan ne ya tsayar da ita."

"Maye ya yi?"

"Mai maye ya san inda birki yake, makara yake yi. Wannan bai sani ba. Koyo yake."

Inna ta riƙe haɓa. Koyon mota a titin jirgi! Ranar Lahadi daga azahar ba jirgi, hasumiya a rufe, fili shimfiɗe ba kowa. Lallai wani ya samu wuri.

Suka dawo gindin fitilun. Maharbi ya ɗaga buhu, ya shafa wuyan ɗaya. Sabo ful, yana ƙyalli. Na biyu haka, na uku haka. A cikin ciyawa ya tsinto ɓarɓashin gilashi, wani ja wani kore, ya ƙulle a tsumma. Sawun takalmi ya kai shi har magudanar ruwa, ya zura hannu cikin laka ya jawo fitila ta huɗu a ragargaje, da karyayyun wuya huɗu an ɗaure su da igiya.

"Ga kayan satar," in ji shi.

Inna ta ji kamar ta yi guɗa, amma ya ɗaga mata hannu. "Kar ki yi sauri. Za su ce ɗanki ne ya ari mota ya yi ɓarna ya ɓoye. Har yanzu makullin nasa ne."

Ya koma ya tsuguna gaban fitilun uku. Tattaki ya cinye sawun ƙafa, amma dab da gindin kowace akwai gurbin gwiwa biyu masu zurfi, a dama da su kuma wani ɗan rami zagayayye, faɗin babban yatsa. Rami uku, fitila uku. Ya zaro wuƙa ya yanko ɗaya da ƙasarsa kamar ana yanka sabulu, ya sa a cikin hularsa.

"Mai nauyi ne. Ba ya iya tashi daga durƙuso sai ya dogara da wani abu." Ya sake duban fitilun. "Abin da ya dame ni ba wannan ba ne. An ce cikin sauri aka mayar da su. Ƙarya ne. Mai sauri ɗaya zai juya nan, ɗaya can. Wannan ya zauna ya daidaita su sarai, uku duka ja na kallon waje, ko karkata babu. Tunani ya yi. A ransa gyara ya yi, yana ganin haka ake sa su. Duhu ya fara, na dama sun yi masa nisa, bai je ya duba ba don bai yi shakka ba. To wane ne a filin nan zai rantse cewa ja waje take kallo?"

Inna ta tsaya cak. Faifan ƙarfen jiya ya dawo mata a ido, da bakin yaron nan yana karanto doka.

"Ja waje," ta ce a hankali, "kore ciki."

Maharbi ya dube ta. Ta gaya masa. Ya sunkuyar da kai yana kallon hularsa, fuskarsa ta nuna da ma bai ji ba.

"Masu gadi goma sha biyu ne, Yaya."

"Nawa ne masu tumbi?"

Sawun motar ya fita ta ƙofar baya, wadda motar kashe gobara kaɗai ke bi. Mai gadinta dattijo ne mai furfura, wanda Inna ta sani tun tana shara. Da ya hango su sai ya fara gyara hular da ba ta karkace ba.

"Wa ya shigo da mota ranar Lahadi?" in ji Inna.

"Ni ban ga kowa ba."

"Makaho aka sa gadi?"

"An aike ni sayen katin waya. Na dawo na iske ƙofa yadda na bar ta."

"Wa ya aike ka?"

Ya kalli ƙasa. "Inna, saura wata biyar in yi ritaya. 'Ya'yana mata huɗu. Ki yi min rai."

"Nawa ɗaya ne ya rage min, yana zaune ba takalmi." Ta matso har yana jin numfashinta. "Lahadi nawa ake aikenka sayen katin nan?"

Ya waiga hagu da dama. Ya dai buɗe yatsu huɗu a jikin wandonsa, ya mayar ya dunƙule.

A hanyar dawowa Maharbi ya bi ta bayan ofishin tsaro kamar mai neman inuwa. Akwai wani abu lulluɓe da tampol a jikin bango. Bai ɗaga ba. Ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, ya kalli abin da ya leƙo ta ƙasa, ya miƙe.

"Gobe ina tsoron bakina zai mutu," ya ce mata. "Ni ban saba magana gaban manya ba."

"Kai ka kawo ƙasarka. Baki ina da shi."

Ranar Laraba aka taru a ɗakin taro. Manaja a kan tebur, gefensa matar da ke aikin hasumiya, da Dogo mai tarakta, da masu gadi biyu, na gaba da na baya. Aka shigo da Auta. Shugaban tsaro ya zauna ya jingine sandarsa a jikin kujera, yana duba agogo. Ya ce motar 'yan sanda na hanya, a taƙaita.

Maharbi ya zazzage buhunsa a kan tebur. Fitila ragargajajjiya, wuya huɗu, gilashi. Ya yi bayani da ƙaramar murya, yana kallon kayan ba mutane ba. Ba sata aka yi ba, mota ce ta take su.

"To madalla," in ji Shugaban tsaro. "Ya yi ɓarna ya ɓoye. Laifi ya zama biyu. Wa ke da makullin ɗakin kaya in ba shi ba?"

"Kowane kwaɗo na filin nan yana da makulli na biyu," in ji matar hasumiya. "A ofishinku ake rataye su."

"Kina zargin yarana?"

Inna ta miƙe. Manaja ya buɗe baki, ta ce, "Zauna da bakinka, ranka ya daɗe, kwana biyu na yi ina tara wannan." Ta juya ga Dogo. "Kai, fitilar bakin titi, wace fuska ke kallon waje?"

"Kore mana."

"Ke 'yar nan?"

"Kore, Inna. Da shi ake tarbar jirgi."

"Mai share titi ya sani, mai korar tsuntsu ya sani. Ni da ban yi boko ba, kwana biyu na koya." Ta nuna mai gadin babbar ƙofa. "Kai mai murfin tukunya, tashi. Karanto mana abin da kuke buɗe fareti da shi."

Yaron ya miƙe ya ƙame, bai san abin da ake ciki ba. "Ja waje, kore ciki!"

"Wa ya koya muku?"

Ya kalli shugabansa.

"Wannan dokar ƙofa ce," in ji Shugaban tsaro, muryarsa ta ɗan canja. "Kowane mai gadi ya san ta. Mutum goma sha biyu ne a ƙarƙashina. Sai a bincike su ɗaya bayan ɗaya, ni da kaina zan yi."

Dattijon ƙofar baya ya ɗago kai da sauri. Inna ta ga yadda idonsa ya yi, ta san ya gane wanda za a fara da shi.

Maharbi ya cire hularsa daga cikin buhu, ya fito da yankin ƙasar nan, ya ajiye a hankali. Ta bushe, ramin na nan zagayayye.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Manaja, "a ara min sandar shugaba."

"Kar wanda ya taɓa min sanda!"

Inna ta riga ta ɗauke. Ta miƙa wa Manaja. Ya juya ta, ya dubi gindin tagullar, ya sa shi a ramin. Ya zauna daram, har da 'yar tsagar da ke gefen tagullar ta hau kan layinta.

"Na je wurin ranar Litinin," in ji Shugaban tsaro. "Kowa ya gan ni da sandata."

"Ranar Litinin ƙasa ta sha iska, sanda ba ta nutsewa haka," in ji Maharbi. "Kuma ba wanda ya ga ka durƙusa sau uku."

Gumi ya keto masa. Ya buga tebur. "Wannan shirme ne! An ce mota ce ta yi ɓarna. Ku tambayi kowa a filin nan, direba ke kawo ni, direba ke mayar da ni. Ni ko tuƙi ban iya ba!"

Maharbi ya ɗago ido, karo na farko, ya dube shi.

"Haka ƙasa ta ce, ranka ya daɗe."

Dogo ne ya fara fashewa da dariya, ya toshe baki. Sai dattijon ƙofar baya ya miƙe ya ce Lahadi huɗu ke nan ana aikensa sayen kati, kuma a ta huɗun ya dawo da wuri, ya ga wanda ya fito da mota fitila ɗaya a fashe.

Aka ɗunguma bayan ofishin tsaro, aka yaye tampol. Sabuwar mota ce ƙarama, ko ledar kujeru ba a cire ba. Gabanta a lotse. Maharbi ya sa tsinke a tsagar tayar gaba ya ciro ɗan gilashi kore, ya ɗora a tafin Manaja.

Shugaban tsaro ya jingina da bango. Ya ce shekararsa hamsin da shida, 'ya'yansa suka haɗa suka saya masa motar, kunya ta hana shi zuwa makarantar tuƙi yara su gan shi. Ya ce wallahi ya ɗauka ya gyara, ɗayar ce kawai ta gagara. Da jirgi ya ƙi sauka sai tsoro ya kama shi.

"Kunya," in ji Inna. "Kunyar sitiyari ta kama ka, ta jan ɗan mutane da ƙugun wando ba ta kama ka ba. Mutum saba'in a sama, kai kana nan kana neman wanda za ka rataya wa. Tir."

Motar 'yan sanda da Shugaban tsaro ya kira ta iso. Ba ta koma ba kowa ba, da shi ta tafi.

Manaja ya ce Auta ya koma bakin aiki, amma za a rubuta masa gargaɗi na rashin zagayen asuba. Inna ta buɗe baki, Auta ya riƙe mata hannu. "Wannan nawa ne, Inna. Na karɓa."

Ta haɗiye maganar, da ƙyar. "To. Saura nawa. A kawo masa takalmansa, wanda ya cire shi zai kawo. Takardar nan ta allo kuma a cire, a sa wata."

"Za a yi, Inna, gobe."

"Yau. Ga ƙofarka can, ban manta wurin zamana ba."

Aka buga takarda aka manna kafin la'asar. Inna ba ta iya karatu ba, ba ta kuma yarda da kowa ba. Ta je ta jawo mai shayin nan da ya ce bai yarda da shirun yaron ba, ta tsayar da shi gaban allo a tsakiyar masu ɗaukar kaya.

"Karanta. Da ƙarfi, yadda ka yi ranar Litinin."

Ya karanta: an wanke mai fitila daga zargin sata da ɓarna. Ta ce ba ta ji ba, kunnenta ya tsufa. Ya sake. Ta sa shi ya yi na uku don masu zuwa daga baya.

Ba ta tafi gida ba. Ta bi bayan shinge da ƙafarta mai ciwo har saitin bakin titi, ta tsaya a waje, inda jirgi ke fitowa. Can ciki Auta na durƙushe, yana ɗaura ta huɗun, ya goge mata gilashi da tsumma. Ya miƙe ya yi magana a rediyonsa. Rana na faɗuwa fitilun suka kama gaba ɗaya, farare a jere har inda ido ya ƙare, shuɗaye can gefe. Ta sa yatsa ta cikin wayar shinge ta ƙirga na gabanta, daga hagu zuwa dama, ta sake daga dama zuwa hagu.

Takwas. Duka kore.

"Ka gama?" ta ƙwala masa. "To ɗauko keken. Ƙafar nan ba za ta kai ni gida ba."